Yadda ake zaɓen irin fiyar da za ta yi a gidanka ko a lambunka

Dashen fiya huɗu na farko da na saya, a bakin titi na saye su, hannun wani mai sayar da itatuwa da ya jera ledojinsa a inuwar darbejiya. Na tambaye shi wane iri ne, ya ce, "Alhaji, Hass ce, 'yar waje." Ban ƙara ko kalma ba, na biya na loda a mota. Biyu suka mutu a daminar farko don na dasa su a kwari, inda ruwa ke kwana. Ta uku ranar bazara ta ƙone mata jiki. Ta huɗun ce ta rayu, ta miƙe har ta wuce rufin ɗaki, ta shekara takwas kafin ta yi fure. Da ta haihu sai ga ƙaton ƙwallo da ɗan nama tsararo, salam, ga zare a ciki. Ko kusa ba Hass ba ce. Kuma daga baya na gane ko da Hass ɗin ce, ba ita ce ta dace da wurin ba.

Mai shuka masara in ya yi kuskuren iri, cikin wata huɗu ya gane, baɗi ya gyara. Mai dasa itace sai ya yi shekaru yana ɗibar ruwa kafin ya san abin da ya saya. Shi ya sa zaɓen iri ya fi haƙa rami muhimmanci. Ga yadda nake bin abin yanzu.

Mataki na farko: wace fiyar ake nufi?

Abu uku ne ke amsa wannan suna, don a Turancin Najeriya duk pear ake ce musu. Akwai wadda muka fi sani, wasu su ce fiya wasu su ce piya, mai ƙwallo ɗaya babba da nama mai maiƙo da ake shafa wa burodi. Asalinta Meziko da tsakiyar nahiyar Amurka. Akwai 'yar ƙaramar nan mai duhun ɓawo da Ibo ke kira ube, wadda ake gasawa a ci da masara. Bishiyar kurmi ce, ruwa da laima take so. Sai ta uku, 'yar uwar tuffa, mai zaƙi da ruwa, mai siffar ƙwan lantarki, da ake shigo da ita cikin kwali daga irin su Afirka ta Kudu.

Wannan ta ukun ita ce ke yawan ruɗar mutane. Bishiyarta sai ta kaɗe ganye ta yi barcin sanyi kafin ta yi fure. Sanannun irinta kamar Williams, da Amurkawa ke kira Bartlett, da Conference, suna buƙatar wajen awa 600 zuwa 900 a shekara cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba. Hunturun Jos ma bai tara wannan. Akwai irin su Hood da Flordahome da ake nomawa a jihar Fulorida, masu wadatuwa da awa 150 zuwa 250. Wanda ke da fili a kan Mambila kuma yana son gwaji, zai iya dasa su biyun kusa da juna, don wannan bishiya ta fi haihuwa idan wani iri dabam ya ba ta ƙurar fure. Amma wanda 'ya'ya yake nema ba gwaji ba, ya bar ta. Daga nan zuwa ƙarshe, fiya mai maiƙo nake magana a kai.

Mataki na biyu: fara da garinku, ba da sunan iri ba

Fiya gida uku ce. Akwai 'yar Meziko, 'yar kan tsauni, mai jure sanyi, ƙananan 'ya'ya, siririn ɓawo, mai da yawa. In ka murza ganyenta za ka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Akwai 'yar Gwatemala, ita ma ta tudu ce amma ba ta kai waccan jure sanyi ba, ɓawonta kauri da kaushi. Sai wadda ake kira 'yar West Indiya, ta ƙasa-ƙasa mai zafi da laima, manyan 'ya'ya, ɓawo sumul mai sheƙi, mai kaɗan. Duk sunan da za ka ji a kasuwa, ko ɗaya daga cikin ukun nan ne ko ruwa biyu.

To duba inda kake. Idan a tsauni ne, kamar Jos da ke wajen mita 1,200 sama da teku, ko Gembu a kan Mambila da ta haura 1,500, ko Ngaundare da yankin Mbuda a Kamaru inda fiya ta zama sana'a, kana cikin masu sa'a. Nan ne gidan Hass da Fuerte da Pinkerton da Ettinger, masu jinin Meziko da Gwatemala. Dare mai sanyi da rana marar tsanani suke so.

Idan a tsakiya kake, kudancin Kaduna, Abuja, Nasarawa, Neja, Binuwai, ko kana zangon Kumasi, jinin West Indiya ne naka: Pollock, Simmonds, Waldin, da ruwa biyun da ke tsakaninta da Gwatemala irin su Choquette, Lula, Booth 7 da Booth 8. Yawancin tsofaffin bishiyoyin da ake gani a gidajen waɗannan wurare, masu manyan 'ya'ya kore shar, wannan jinin ne. Hass tana iya rayuwa a nan, amma zafi kan sa 'ya'yanta su ƙanƙance, ta kuma zubar da da yawa kafin su ƙosa.

Idan kuwa Kano ce, ko Katsina, Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi, Damagaram ko Yamai, gara in faɗa maka gaskiya. Fiya ba ta son busasshiyar iska, kuma furenta da ƙananan 'ya'yanta sukan haɗu da ƙarshen hunturu da zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40. Fure ya bushe ya zube, ganye ya ƙone daga baki, jikin bishiya ya tsage ta gefen da rana ke duka. Ba na cewa ba ta yi sam. Cikin gida mai katanga, inda wata babbar bishiya ke tare ranar yamma kuma ruwa ba ya yankewa, ɗaya ko biyu masu jinin West Indiya kan rayu su haihu. Amma kada ka zuba kuɗin lambu guda a kanta. Wannan filin na mangwaro ne da gwaiba da lemo da dabino.

Mataki na uku: gwada ƙasa da ruwa kafin ka kashe ko sisi

Abin da ya fi kashe fiya a duniya ruɓewar saiwa ce, wadda wata cuta mai suna Phytophthora ke haddasawa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Saiwoyinta masu cin abinci a sama-sama suke, kuma iska suke so. Kwana biyu cikin ruwa kwance ya isa ya gama da bishiyar da ta shekara goma.

Haƙa rami mai zurfin santimita 60 zuwa mita ɗaya a daidai inda kake son dasawa. Duba abin da ke fitowa: in ka ci karo da marmara ko laka mai danƙo tun kafin ka kai gwiwa, saiwa ma can za ta tsaya. Cika ramin da ruwa, bari ya tsotse, ka sake cikawa. Idan washegari ka tarar da ruwa tsaye, wurin bai yi ba. Ko ka canza wuri, ko ka tara tudun ƙasa mai tsayin rabin mita da faɗin mita ɗaya da rabi ka dasa a samansa. Fadamar da ke cika da damina kuwa, ka bar wa rake da shinkafa.

Sai ruwan ban-ruwa. Fiya na cikin itatuwan da suka fi ƙin gishiri. In rijiyarka ko burtsatsenka mai zartsi ne, ko ka ga yana barin farin gari a bakin kwali da jikin tukunya, bakin ganye zai riƙa ƙonewa komai takin da ka zuba. A nan ma jinin West Indiya ya fi haƙuri, 'yar Meziko ta fi raki. Ka riƙe wannan, zai dawo wajen maganar gindin da aka yi aure a kansa, wato aka ɗaura masa reshen wani iri.

Ka kuma tambayi kanka tsakani da Allah: daga Nuwamba zuwa Mayu wa zai ba ta ruwa? Ƙaramin dashe na son ruwa sau biyu ko uku a mako duk rani. In babu mai yi, rage yawan abin da za ka saya.

Mataki na huɗu: ci za a yi ko sayarwa?

Mai ci a gida daɗi yake nema da tsawon lokacin samu. Mai kai wa kasuwar gari girma yake nema, don mai saye a tire da ido yake ciniki, babba kore ta fi tsada ko da ƙaramar ta fi ta daɗi. Mai hangen manyan kantuna, otal-otal ko fitarwa waje, kusan Hass kaɗai ake tambaya. Da ita Kenya ta shiga sahun gaba a masu fitar da fiya daga Afirka. Sai dai kafin ka bi sahun Kenya, ka tuna manomanta a tsaunuka suke.

Mataki na biyar: san halin kowane iri

Hass sunan mutum ne, Rudolph Hass, ma'aikacin gidan waya a Kalifoniya. A 1926 ya dasa wani dashe na ƙwallo, ya yi ta ƙoƙarin yi masa aure da wani iri abin ya ƙi kamawa, sai ya ƙyale shi. Da bishiyar ta haihu aka ji daɗinta, ya yi mata rajista a 1935. Uwar ta rayu har 2002, kuma ruɓewar saiwar nan ce ta kashe ta. Duk Hass ta gaskiya da ke duniya daga reshen wannan bishiya ɗaya ta samo asali, ta hanyar aure. 'Ya'yanta matsakaita ne, giram 200 zuwa 300, ɓawo mai kaushi da kauri da ke rikiɗewa daga kore zuwa baƙi-baƙi in ta nuna. Kaurin ɓawon ne ke sa ta jure hanya, rikiɗar launin kuma ke gaya wa mai saye lokacin yankawa. Manta na kaiwa kashi 18 cikin ɗari ko fiye.

Fuerte daga garin Atlixco na Meziko aka kai ta Kalifoniya a 1911, ta tsira daga wani mugun sanyi na 1913, shi ya sa aka sa mata wannan suna da ke nufin mai ƙarfi a harshen Sifaniyanci. Kore take zama ko ta nuna, ɓawo siriri mai sauƙin ɓarewa, kuma a bakina ta fi Hass daɗi. Aibinta biyu: bishiyar na bajewa ta cinye fili, kuma takan yi 'ya'ya bana ta huta baɗi. A wuri mai laima siririn ɓawon kan kamu da baƙin tabo.

Pinkerton doguwar wuya gare ta da ƙaramin ƙwallo, wato nama da yawa, ga saurin fara haihuwa, bishiyar kuma ba ta cika girma ba. Reed kewayayya ce kamar ƙwallon wasa, bishiyarta miƙewa take sama ba ta bajewa, don haka ta dace da ƙaramin tsakar gida. Ettinger daga Isra'ila take, tana riga sauran nuna, kuma masu gonar Hass kan dasa ta musamman saboda furenta.

A ɓangaren masu son zafi, Pollock ƙatuwa ce mai riga kowa fitowa, sai dai ba ta cika yawan 'ya'ya ba. Simmonds ta fi ta haihuwa. Choquette kan kusa kilo guda, kuma a ƙarshen lokaci take zuwa. Waldin da Lula an fi sanin ƙwallonsu da yin gindin aure mai kyau. Duk waɗannan ba su kai Hass maiƙo ba. Wanda ya saba da Hass zai ce ruwa-ruwa ne, wanda ya tashi da su kuma zai ce Hass ta cika nauyi.

Mataki na shida: haɗa A da B

Wannan ne abin da masu sayar da dashe ba su cika faɗa ba. Furen fiya sau biyu yake buɗewa, da farko a matsayin mace, ya rufe, washegari ya buɗe a matsayin namiji. A rukunin A, macen da safe take buɗewa, namijin sai yammacin washegari. A rukunin B, macen da yamma, namijin da safiyar washegari. Ke nan da safe, lokacin da A ke jiran ƙurar fure, B ce ke da ita. Da yamma su yi musanya. Ƙudan zuma ne 'yan aiken.

Hass, Pinkerton, Reed, Simmonds, Waldin, Choquette da Lula duk A ne. Fuerte, Ettinger, Pollock, Booth 7 da Booth 8 B ne. Don haka a tsauni Hass da Fuerte ko Hass da Ettinger. A ƙasa Simmonds da Pollock, ko Choquette da Booth 8. Bishiya ɗaya tilo takan haihu, musamman inda sanyi ke rikita lokutan buɗewar har su haɗu, amma abokiyar zama na ƙara yawan abin da ke kamawa. A gida, biyu sun isa, ɗaya daga kowane rukuni. A lambu, B ɗaya cikin kowace tara ko goma, a warwatsa su, kada a tara su a kusurwa guda. In maƙwabcinka na da bishiya a bayan katanga, ka leƙa furenta da hantsi: in ka ga yana zubar da ƙura a lokacin, B ce. Kuma kada a fesa maganin ƙwari lokacin fure.

Mataki na bakwai: zaga unguwa

In da za a ce in zaɓi mataki ɗaya in bar sauran, wannan zan ɗauka. Irin da ya fi dacewa da garinku sau da yawa ba shi da suna. Yana nan a bayan wani tsohon gidan gwamnati, ko harabar makaranta, ko gidan wani dattijo, ya shekara ashirin yana haihuwa da ruwanku da zafinku da ƙasarku. Lokacin fiya ka zaga. Ka yi sallama, ka ce, "Baba, wannan bishiyar duk shekara take yi ko tana tsallakewa? Wane wata take nuna? Tana zubar da 'ya'ya?" Ka sayi biyu ka ajiye su nuna, ka yanka ka duba girman ƙwallo, zare da ɗanɗano. Gani ya kori ji.

In ta yi maka, reshe za ka roƙa, ba ƙwallo ba. Ƙwallon fiya ba ya maimaita uwarsa. Ko na Hass ka shuka, abin da zai fito wani abu ne dabam, kuma sai ka jira shekara biyar zuwa goma ko fiye kafin ka san ko mene ne. 'Yar aure kuwa uwarta sak take fitowa, ta fara haihuwa a shekara ta uku ko ta huɗu, kuma ba ta yin tsawon da zai gagari tsinka. Yadda ake yi wa mangwaro aure haka ake yi mata. Ka shuka ƙwallon fiyar gida mai ƙarfi a leda, in ya kai kaurin fensir, mai aure ya yanko ɗan reshe mai kumburarrun idanu daga uwar da ka zaɓa ya ɗaura. Da sassafe ake yanko reshen, a naɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyalle, a yi aikin a ranar. Inda ruwa ke da zartsi, gindin ya zama na jinin West Indiya ko da me za a ɗora a sama.

Mataki na takwas: a wurin mai dashe

Ba a cinikin biri a sama. Tambayar farko: ina uwar da aka yanko reshen? Mai gaskiya zai nuna maka ko ya faɗi gonar. In kana kusa da Bagauda a Kano ko Daɗin Kowa a Gwambe, akwai rassan cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, mai hedikwata a Ibadan. Su da malaman gona na jiharku za su iya nuna maka inda ake samun dashe na ƙwarai.

Sannan ka durƙusa ka duba da kanka. Nemi tabon aure, kamar taki ɗaya sama da bakin leda, inda kaurin kara ko launin ɓawo ya ɗan sauya. In babu tabo, ɗan ƙwallo ne, ko me aka rubuta a jiki. Tabon ya zama ya warke, ba ya motsi, kuma sabon toho daga samansa yake fitowa. Ganye ya zama kore mai duhu, ba rawaya ba, ba mai ƙonannen baki ba. Ɗaga ledar ka duba ƙasanta: in saiwa ta huda ta shiga ƙasa, ko ta nannaɗe kamar gammo, dashen ya daɗe, bar shi. Ka roƙi a yage leda ɗaya ko da za ka biya kuɗinta. Saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan madara. Baƙa mai saurin gutsurewa alamar ruɓewa ce, kuma in ka kai ta gida ka kai cutar cikin ƙasarka, fitar da ita kuwa sai an sha wuya. Dashe mai tsayin gwiwa zuwa cinya ya fi dogo zalau kamawa.

Mataki na tara: guda nawa, kuma a ina?

Manyan iri irin su Fuerte da Choquette na son mita 8 zuwa 10 tsakani. Mita 10 ko'ina na ba da bishiya 100 a hekta guda, mita 8 kuma 156. Hass da Pinkerton da Reed za su zauna a mita 6 zuwa 7 in za a riƙa rage musu rassa. A gida, ka bar aƙalla mita 4 zuwa 5 daga bango, ka kuma nisanci inda ruwan wanka da wanki ke malala, don sabulu da danshi kullum duk ba ta so.

Wani abu da ya shafi gidajenmu musamman: ganyen fiya da ɓawonta da ƙwallonta na da wani dafi da ke cutar da awaki, tumaki, dawakai, zomaye da tsuntsaye. Akuya mai shayarwa in ta ci da yawa hantsarta kan kumbura nono ya ɗauke. Gidan da dabbobi ke sake, sai an kewaye bishiyar, kuma kada yara su zuba musu rassan da aka sare.

Ko lambu babba kake shiri, shekarar farko kada ka cika shi. Ɗauki iri uku ko huɗu da suka tsallake matakan baya, haɗe da reshen bishiyar unguwa, ka dasa kaɗan-kaɗan na kowanne bayan ruwa ya zauna, wajen watan Yuni. Kada ka binne tabon aure. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa kewaye da gindi ba tare da ta taɓa kara ba, ka shafa wa karan farar ƙasa, ka kafa zana ta gefen yamma. Rubuta sunan kowace a guntun langa-langa ka rataya, ka kuma zana taswirar lambun a littafi, don leda da alƙalami ba sa kai damina biyu.

In sun fara haihuwa, ka tuna fiya ba ta nuna a kan bishiya, ƙosawa kawai take. Tsinko babba ɗaya da ɗan guntun mariƙinta ka ajiye a ɗaki. In ta yi laushi cikin kwana bakwai zuwa goma ba tare da ta yamutse ba, ta ƙosa. In ta yamutse ta yi kamar roba, a ƙara mata mako biyu ko uku a sake gwadawa. Rubuta watan da kowane iri ya ƙosa da yawan abin da ya bayar, shekara biyu a jere. Wanda ya gaza, ba sai ka tumɓuke shi ba: a datse shi daidai ƙugu a farkon damina, in sabbin rassa sun fito a yi musu aure da reshen wanda ya fi kyau. Haka na yi wa waccan ta huɗun da na saya a bakin titi, da reshen bishiyar wani dattijo a unguwarmu, kuma shekara biyu bayan nan muka fara ci.